Sanƙarau a Jikin Yara: Awannin da ke Tsakanin Zazzaɓi da Allurar Farko

Akwai cututtukan da ke ba iyaye da likita sararin tunani, a gwada magani yau, a sake duba yaro jibi. Sanƙarau irin na bakteriya ba ya ba da wannan sarari. Yaron da ya yi wasa a ƙofar gida da hantsi zai iya fita hayyacinsa kafin asubahin gobe. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kowane mutum 6 da suka kamu da irin wannan sanƙarau 1 na rasuwa, kuma cikin kowane 5 akwai 1 da cutar ke bari da nakasa mai ɗorewa. Abin mamaki shi ne maganin da ke kashe ƙwayar cutar an daɗe da saninsa, kuma kwalbarsa ba ta fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba. Ke nan tambayar da ta dace a yi ita ce: ina lokaci ke salwanta tsakanin zafin jikin farko da allurar farko? Wannan nazari ya tsaya ne a kan cewa a ƙasar Hausa yawancin hasarar da sanƙarau ke yi wa yara a wannan tsakanin take faruwa, kuma jiran tabbaci, a gida ko a asibiti, shi ne babban abin da ke cinye awannin.

Yadda cutar ke aiki

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke bin ƙashin baya suna lulluɓe da tantani mai hawa uku, a tsakiyarsa kuma akwai wani ruwa da ke kewaya su yana kare su daga girgiza. Kumburin wannan tantani shi ne sanƙarau. Abubuwan da ke jawo shi suna da yawa. Akwai na bairas, wanda ya fi yawa a duniya kuma galibi yakan wuce da kansa. Akwai na tarin fuka, mai zuwa a hankali cikin makonni, da rama da kasala da canjin hali. Wanda ke kisa cikin kwana ɗaya ko biyu shi ne na bakteriya, kuma shi ne abin magana a nan.

Ƙwayar da ke kama yaro ta danganta da shekarunsa. Jariri sabon haihuwa yakan samu tasa ne daga hanyar haihuwa ko daga ƙazantar da ta taɓa cibiya. Daga wata 2 zuwa sama ƙwayoyi uku ne ke kan gaba: nimokokus, wadda kuma ke jawo ciwon huhu, sai Hib, sai meningokokus, wadda ita ce mai tashi ta zama annoba. Dukkansu a maƙogwaro da bayan hanci suke zama, suna bin tari da atishawa da numfashin kusa. Kusan mutum 1 cikin 10 yana yawo da meningokokus a maƙogwaronsa lafiyarsa ƙalau, shi ya sa neman wanda ya kawo cutar gida aikin banza ne. Idan ƙwayar ta samu kafa ta shiga jini, ta tsallaka zuwa ruwan ƙwaƙwalwa, sai ta tarar da wurin da garkuwar jiki ba ta da yawa, ta hayayyafa son ranta. Yaƙin da jiki ke tasowa da shi a makare shi ke kumbura ƙwaƙwalwa, kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Jini ya rage isa inda ya kamata, jijiyar ji ta taɓu, jijjiga ta fara. Wani lokaci ma ƙwayar ba ta tsayawa kan ƙwaƙwalwa, a cikin jini take ɓarna, ta fasa ƙananan hanyoyin jini, bugun jini ya faɗi. Wannan nau'in ya fi saurin kisa, kuma mai shi na iya rasuwa wuyansa bai taɓa ƙagewa ba.

Ƙasar da annoba ta saba da ita

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zayyana yankin da annobar sanƙarau ke yawan dawowa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, ya ratsa ƙasashe 26. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar a tsakiyarsa suke. Cutar takan ɗaga kai da shigowar hunturu, ta yi ƙamari a bazara, ta lafa da saukar ruwan farko. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗakin kwana, ga hayaƙin itace. Tsangayu da makarantun kwana da sansanonin 'yan gudun hijira sun haɗa waɗannan duka.

Annobar 1996 ita ce wadda manya ba su manta ba. A faɗin Afirka an lissafa fiye da mutum 250,000 da suka kamu da kimanin 25,000 da suka rasu a 1996 da 1997, Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da 100,000 na masu cutar da fiye da 11,000 na mamatan. A 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara 200, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 sun rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Wannan tarihi ya shafi maganarmu kai tsaye, domin ma'aikacin lafiyar da ke roƙon uba ya yarda a ɗebi ruwan bayan ɗansa yana magana ne da mutumin da ya ji wannan labari, ko ya ji shi a baki na biyar.

An samu babban sauyi a Disamban 2010, lokacin da aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, sannan Mali da Nijar, Najeriya ta bi daga 2011. An ƙera ta a Indiya, kowace allura ba ta kai rabin dalar Amurka ba, an kuma nufe ta da meningokokus rukunin A, wanda shi ke haddasa mafi yawan annobar wancan zamani. Ta yi aiki fiye da zato. A Chadi an ga raguwar kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar idan aka kwatanta da inda ba a kai ba tukuna, kuma a yau rukunin A ya kusa ɓacewa daga yankin. Sai dai sauran rukunonin ba su tafi ko'ina ba. Wani sabon nau'in rukunin C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya buga Nijar a 2015 inda fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, Yamai ta fi jin jiki. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara, ya bazu a bazarar 2017, an lissafa fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, yara 'yan shekara 5 zuwa 14 suka fi yawa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV mai kare rukuni biyar, A da C da W da X da Y, lokacin da cutar ta addabi Jigawa da Yobe da Bauchi.

Darasin wannan tarihi ga mai duba yaro ɗaya ne. Jin cewa "ai an yi masa ta sanƙarau" ba ya kore zargi. Allurar wata 9 da aka fara yi a Najeriya a 2019 rukunin A take karewa. Hib da nimokokus kuwa suna cikin alluran mako 6 da 10 da 14, waɗanda a jihohin arewa maso yamma yara da yawa ba sa kammalawa. Su kuma waɗannan biyu ba sa jiran annoba, suna kama yara ɗaya-ɗaya duk shekara ba tare da rediyo ya ambata ba, kuma nimokokus ta fi meningokokus kisa da nakasawa. Yaro mai amosanin jini ya fi kowa haɗari a gaban nimokokus, saboda saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata.

Gane cutar

Hoton sanƙarau da ke zukatan mutane shi ne na yaron da wuyansa ya ƙage, kansa ya koma baya, bayansa ya gantsare. Hoton gaskiya ne, amma na wanda cutar ta riga ta yi nisa a jikinsa. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2006 ya bi diddigin yara 448 da suka kamu da meningokokus a Birtaniya, ya tambayi iyaye yadda alamomin suka jeru. A awanni 4 zuwa 6 na farko babu abin da ya bambanta su da mura ko wani zazzaɓi: zafin jiki, amai, kasala, ƙin abinci. Alamomin da littattafai ke koyarwa, wato ƙagewar wuya da ƙuraje da gushewar hankali, sai tsakanin awa 13 zuwa 22 suka bayyana. Amma wajen awa 8 yawancin yaran sun nuna wasu abubuwa uku da ba a cika kula da su ba: ciwon ƙafafu mai tsanani, sanyin tafin hannu da na ƙafa alhali jiki na ƙuna, da canjin launin fata. Binciken a wata ƙasa aka yi shi, a kan yaran da fatarsu ke saurin nuna canji, saboda haka ba komai nasa za a kwaso ba. Amma jerin lokacin da ya nuna ya isa hujja cewa wanda ya tsaya jiran wuya ya ƙage ya riga ya bayar da rabin yini.

A yaron da ya iya magana aikin ya ɗan fi sauƙi. Zai ce kansa na sara, zai ƙi haske, zai yi amai ba gudawa, zai riƙa barcin da ba na gajiya ba ko ya riƙa sambatu. A kwantar da shi rigingine a ɗago kansa a hankali: idan haɓarsa ba ta iya taɓa ƙirjinsa, ko ya naɗe gwiwoyinsa saboda zafi, zargi ya yi ƙarfi.

Jariri ne matsalar. Kafin shekara ɗaya da rabi wuya sau da yawa ba ya ƙagewa ko kaɗan, kuma a 'yan makonnin farko jikin ma yana iya yin sanyi maimakon zafi. Abin da ake gani shi ne ya saki nono, ko ya kama ya kasa tsotsa. Kukansa ya canja, ya zama siriri mai tsini ko nishi-nishi. Jaririn da ya saba yin shiru idan an ɗauke shi sai ya zama ɗauka ce ke ƙara masa kuka, ya fi son a bar shi kwance, domin motsi na taɓa tantanin da ya kumbura. Jikinsa ya saki laƙwas ko ya ƙanƙame. Idanunsa su kafe wuri ɗaya. Maɗigarsa ta taso ta yi tauri, kuma ana duba wannan ne yana zaune ba ya kuka, don kuka kansa na tayar da maɗiga. Iyaye mata da ungozomomi sun fi sanin maɗigar da ta lotsa saboda gudawa, har akwai magungunan gargajiya da ake shafa mata. Wadda ta kumbura ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali ita ce mai kiran gaggawa. A ganina duk uwar da ta ce wa ma'aikacin lafiya "wannan kukan ba nasa ba ne", ta faɗi alama mai nauyi daidai da ta ma'aunin zafi, kuma ya kamata a rubuta ta a kati.

Ƙurajen meningokokus jini ne da ya tsiyaya ƙarƙashin fata, ɗigo-ɗigo ja ko shuni, waɗanda ba sa gushewa idan an danna su da gefen kofin gilashi. A Turai wannan gwaji ya shahara ƙwarai. A baƙar fata sai an neme su da gangan: cikin fatar ido ta ƙasa, dasashi da ganɗa, tafin hannu, tafin ƙafa. Rashinsu ba ya wanke yaro, ganinsu kuwa yana nufin a tashi yanzu, ko da tsakar dare ne.

Sai jijjiga. Yara da yawa tsakanin wata 6 da shekara 5 sukan yi taune-taune idan zazzaɓi ya yi zafi, su farfaɗo cikin 'yan mintuna su koma daidai. Wanda ya jima bai farfaɗo ba, ko ta maimaita masa, ko ɓangare ɗaya na jikinsa ne ke fizga, ko bai kai wata 6 ba, wannan ba zafin zazzaɓi kaɗai ba ne sai an tabbatar. A nan ne kuma fassarar gida ke shigowa. Jijjiga da kafewar ido da sambatu su ne alamomin da aka fi dangantawa da iska, sai a fara da hayaƙi da tofi da rubutu, a tura cokali a baki, a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ya shaƙe. Ba aikin ma'aikacin lafiya ba ne ya yi jayayya da imanin mutane, kuma wanda ya gwada yakan rasa su gaba ɗaya. Abin da ya dace a roƙa shi ne a yi addu'ar a kan hanya da gefen gadon asibiti, a kwantar da yaro ta gefensa, kada a sa masa komai a baki.

Inuwar maleriya

Babu abin da ke ɓatar da sanƙarau a wurinmu kamar zazzaɓin cizon sauro. Zafin jiki, amai, jijjiga, suma, duk na kowannensu ne. Uwa ta je kemis, a ba ta maganin maleriya da farasitamol, wani lokaci da 'yan ƙwayoyin antibayotik na kwana biyu. Zafin ya ɗan sauka, a ga kamar an samu sauƙi, kwana ɗaya ya tafi. Antibayotik na sha a irin wannan adadi ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da ƙarfin da zai kashe ƙwayar, sai dai ya dusashe alamomi ya kuma ɓata gwajin da za a yi daga baya.

A asibiti ma tarkon na nan, kuma ya fi dabara. Gwajin maleriya na gaggawa ya nuna layi biyu, sai hankalin kowa ya kwanta. Amma a inda sauro ya yi yawa yara da dama na ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu ba ita ke kwantar da su ba, kuma gwajin na iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Binciken da aka yi a Kilifi ta ƙasar Kenya ya nuna cewa cikin yaran da aka kawo a sume da ƙwayar maleriya a jini akwai waɗanda sanƙarau ne da su, kuma duban ido kaɗai ba ya rarrabe su. Saboda haka ƙa'idar da ta fi aminci ita ce yaron da hankalinsa ya gushe a ba shi maganin duka biyun har sai ruwan baya ya raba gardama. Kalanda ma na da abin cewa. A Sahel maleriya ta damina ce da kaka. Yaron da ya suma da zazzaɓi a watan Maris ko Afrilu a Gumel ko Damagaram, lokacin da kududdufai suka bushe, ya kamata sanƙarau ya zo farko a tunanin mai duba shi.

Ruwan baya

Hanyar tabbatar da sanƙarau ita ce ɗibar ruwan da ke kewaye da laka, aikin da likitan Jamus Heinrich Quincke ya fara tun 1891. Ana lanƙwasa yaro ta gefe, a sa siririyar allura a ƙasan baya, a gurbin da lakar kanta ba ta kai ba, a ɗebi abin da bai kai cikin ƙaramin cokali ba, jiki kuma ya mayar da shi cikin 'yan awanni. Lafiyayyen ruwa garau yake. Na mai sanƙarau yakan fito dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗakin gwaji kuma a ga fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, sukari ya ragu, furotin ya ƙaru.

Iyaye da yawa na ƙin wannan aiki. Suna cewa yana gurgunta yaro ko ya kashe shi, kuma ba daga sama suka ɗauko ba: yaran da ake yi wa shi su ne waɗanda aka kawo a mawuyacin hali, wasu su rasu washegari, wasu su tashi da nakasa, sai a ɗora wa allurar abin da cutar ta yi. Amsar wannan ita ce bayani cikin Hausa kafin a taɓa yaro, ba tsawa ba. Akwai kuma lokacin da likita da kansa zai jinkirta, kamar idan bugun jini ya faɗi, ko numfashi ya rikice, ko akwai alamar matsin cikin kai ya yi yawa, ko jini ba ya daskarewa.

Muhimmancin gwajin ya wuce yaro ɗaya. Da shi ake sanin wace ƙwaya ce da wane rukuni, kuma sai an san haka ake iya neman allurar da ta dace daga rumbun riga-kafi na duniya. Ana ayyana annoba idan an samu mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya a gunduma, amma adadi kaɗai ba ya faɗin rukuni. Samfurin da bai isa ɗakin gwajin hukumar NCDC a Abuja ko cibiyar CERMES a Yamai ba yana jinkirta riga-kafin gari guda. Duk da haka doka ɗaya ba ta canjawa: ba a riƙe magani don jiran gwaji. Idan za a iya ɗibar ruwan nan take, a ɗiba a yi allura. Idan ba za a iya ba, a yi allura a ɗiba daga baya, domin gwajin zamani mai gano sawun ƙwayar cuta yana iya gane ta ko bayan ta mutu.

Magani

Seftiriyazon ne ginshiƙi ga yaron da ya wuce wata ɗaya, miligiram 100 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, ta jijiya ko ta tsoka. Yaro mai kilo 10 kwalba ɗaya ta giram 1 yake bukata kullum. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Afrilun 2025, wadda ita ce ta farko da ta keɓe ga gano sanƙarau da jinyarsa, ta nanata a fara shi da wuri iyakar iyawa, abin so cikin awa ɗaya da isowa. Tsarin kula da cututtukan yara da ake koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci ma ya ba su umarnin yin allurar farko kafin su tura yaro babban asibiti. Wannan umarni, in da ana bin sa, da ya fi kowace sabuwar na'ura ceton rai, domin tafiyar da ke tsakanin ƙauye da babban asibiti, da neman kuɗin mota, da layin kati, duk za su zo ne bayan magani ya shiga jini.

Tsawon jinya ya sha bincike, kuma Nijar na da hannu a ciki. Shekaru da dama a lokacin annoba allura ɗaya ta kuloramfenikol mai maiƙo ake yi, saboda yawan marasa lafiya ya fi ƙarfin gadaje. Gwajin da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna allura ɗaya ta seftiriyazon ba ta gaza ta ba. Da rukunin A ya ja baya, aka ga a kowace annoba akwai masu nimokokus a gauraye, wadda allura ɗaya ba ta isar mata, sai a 2014 aka koma kwana 5 a lokacin annoba, kwana 7 ga jarirai 'yan ƙasa da wata 2. A wajen annoba nimokokus kan ɗauki kwana 10 zuwa 14, sabon haihuwa kuwa har mako 3, kuma shi da ampisilin da jentamaisin ko sefotakzim ake fara masa, don seftiriyazon na da haɗari ga jariri mai shawara. Inda ake yawan faɗuwa shi ne kwana na uku, lokacin da yaro ya buɗe ido ya nemi abinci, kuɗi kuma ya ƙare, uba ya sa hannu a sallame su. Shi ya sa maganin kyauta a lokacin annoba ya kamata ya zama na kwanakin duka, kuma ya kasance a cikin ɗakin jinya, kada a rubuta takarda a tura mutum kasuwa da dare.

Batun dekzametazon, maganin rage kumburi, misali ne na yadda sakamakon wata ƙasa ba ya zama doka a wata. A ƙasashe masu arziki an ga yana rage kurumta, musamman a sanƙarau na Hib, idan an ba da shi tare da antibayotik na farko. A Blantyre ta Malawi an gwada shi a kan yara kusan 600, sakamakon da aka buga a 2002 bai nuna wani amfani ba. Yaran can sun zo a makare, da yawa da tamowa ko ƙanjamau, wasu sun riga sun sha magani a gida. Maganin da ke hana kumburi ba shi da abin yi idan kumburin ya gama ɓarnarsa, wanda ya sake mayar da mu ga batun lokaci.

Sauran jinyar aikin nas ne, kuma ba ƙarami ba ne: auna sukarin jini da gyara shi, tsayar da jijjiga, ƙarin ruwa daidai ba ƙari ba ragi, iskar numfashi, ciyarwa ta robar hanci ga wanda ba ya haɗiya, juya shi kada baya ya yi gyambo. Bayan awa 24 da fara magani mai meningokokus ba ya ƙara yaɗa ta. 'Yan gidansu kuwa akan ba su antibayotik na sifro ƙwaya ɗaya don share ƙwayar daga maƙogwaro. A 2017 an yi wani gwaji a Madarunfa ta jihar Maraɗi: ƙauyukan da aka raba wa kowa maganin cikin kwana uku da samun mai cutar na farko sun samu raguwar kusan kashi 60 cikin 100, inda kuwa aka ba 'yan gida kaɗai ba a ga bambanci a ƙauyen ba. Sakamakon na da ban sha'awa, amma raba antibayotik ga gari guda na iya koya wa wasu ƙwayoyin cuta jure masa, don haka hukunci ne na hukuma, ba na mai kemis ba.

Bayan sallama

Ana ƙirga waɗanda suka rasu, ba a cika ƙirga waɗanda suka tashi ba daidai ba. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike daga sassan duniya ya gano cewa a Afirka kusan 1 cikin 4 na waɗanda suka tsira suna fita da babbar nakasa, a Turai kuwa ƙasa da 1 cikin 10. Kurumta ce kan gaba, sai farfaɗiya, da shanyewar gaɓa, da taruwar ruwa a kai, da nauyin fahimta wanda sai an sa yaro makaranta ake lura da shi, a ce masa daƙiƙi ko mai taurin kai. Ƙa'ida ita ce a gwada jin kowane yaro kafin sallama ko cikin mako 4, saboda bayan sanƙarau dodon kunne na ciki na iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, kuma ɗan shekara biyu da ya daina ji zai rasa maganar da ya fara koya idan ba a taimake shi da wuri ba. A yawancin asibitocinmu na jiha wannan gwaji ba ya cikin takardar sallama. Ko inda babu na'ura, ana iya ba uwa ranar dawowa, a kuma gaya mata abin da za ta lura da shi: ko yana waiwayowa idan an kira shi ta baya, ko kansa na girma fiye da kima, ko tafiyarsa ta canja.

A 2020 ƙasashen duniya sun amince da shirin kawar da annobar sanƙarau zuwa 2030, da rage masu kamuwa da nau'in da riga-kafi ke karewa da kashi 50, mace-mace da kashi 70. Riga-kafi zai ɗauki kaso mafi girma na wannan aiki, amma ba zai kai ga jaririn mako uku ba, ba kuma zai rufe dukkan nau'o'in nimokokus ba. Saboda haka kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne kafin hunturu ya kama, a ajiye seftiriyazon a kowane ƙaramin asibiti, a ba ma'aikacin wurin izini a rubuce ya yi allurar farko bisa zargi. Iyaye kuma, jaririn da ya saki nono, ko yaron da zazzaɓi ya haɗu masa da jijjiga ko barcin da ba a iya tashinsa, a kai shi asibiti a wannan daren.